Amsa ga malamin Daura: atisayen da zaka ba yaranka na kofbol

Wa alaikumus salam Malam. Na karanta tambayarka har sau biyu, kace kai ne mai kula da wasanni a wata sakandare a Daura, kana da yara kamar ashirin masu son kofbol, wato wasan jefa kwallo da hannu cikin kwandon da ke bisa doguwar sanda, kwallo biyu, sanda guda daya da mai walda ya hada maku, kuma da an hura usur sai yaran nan su taru bisa kwallo kamar kaji an watsa tsaba, wanda ya samu kuma sai ya ruga da ita kamar dan kwallon kwando. Kana son sanin wane tirenin zaka rika basu, sannan a karshe ka dan rada mani maganar hada maza da mata. To bari in fada maka abin da na sani, ni ma nan Katsina na sha wannan fama, shekaruna da yawa ina horas da 'yan kwallon hannu kafin in fada wannan wasan, kuma duk abin da ka lissafa babu wanda ban gani da idona ba.

Matsalar yaranka guda daya ce tak, basu gane cewa a kofbol wanda ke rike da kwallo shine mafi rashin 'yanci a filin ba. Ba ya gudu da ita, ba ya buga ta kasa ya bi, iyakarshi ya kafe kafa daya ya juya a kanta ya mika ma wani ko ya jefa kwando. Wasan gaba daya yana kafafun abokan wasanshi ukun da ke bangarenshi na fili basu da kwallo. Mutumin da ya kirkiro shi ma malamin makaranta ne irinka, Nico Broekhuysen, a Amstadam ta kasar Holan a 1902, kuma da gangan ya toshe duk wata kofa da yaro daya zai bi ya mallake wasa shi kadai. Saboda haka duk atisayen da zan fada maka kasa, ka auna shi da tambaya daya, shin mara kwallo na motsi ko tsaye yake yana kallo? In tsaye yake to tirenin din bai yi ba ko da kuwa daga littafin Turawan Holan ka kwafo shi.

Fara da kashe layi. Wallahi babu abin da ke bani haushi irin inje fili in tarar an jera yara ashirin layi guda kamar masu jiran awon gero, kowa ya jefa sau daya ya koma baya ya jira minti biyar. Yaro a haka zai yi awa guda bai taba kwallo sau goma sha biyar ba. Ka nemo karin kwallaye, kwallon kofbol girmanta kusan daya da ta kafa mai lamba 5, don haka tsofaffin kwallayen makaranta da suka sha faci duk zasu yi maka aiki, ka samu ko da guda biyar ka raba yaran hudu hudu. Hudu dai dama shine adadin da ke wasa a kowane bangare na fili, tim guda mutum takwas ne, hudu gaba hudu baya, to tun daga ranar farko su saba da ganin kansu hudu.

Wasan farko da nake budewa da shi kullum shine fasin goma. Ka shata fili da toka ko da kafa, taku goma sha biyu kowane gefe, hudu da hudu a ciki, babu kwando babu komai. Bangaren da ya mika kwallo sau goma a jere ba'a tare ba kuma bata fadi ba ya ci daya. Wanda yayi taku da kwallo a hannu an kwace. Ranar farko zaka hura usur har bakinka ya gaji, kada ka ji tausayinsu, icce tun yana danye ake tankwara shi. Bayan sati daya sai ka kara doka, wanda ya mika dole ya bar inda yake tsaye nan take, in ya tsaya kallon fasin din da ya bada to an kwace ko da sun kai tara. Sati na gaba ka kara wata, ba'a maida ma wanda ya baka. Nan ne zaka ga idonsu ya fara budewa, don yanzu dole mutum na ukku da na hudu su nemo ma kansu wuri. Daga baya kace yau da hagun kadai za'a mika, za suyi ta kunkuni, kyale su, dan wasan da hannu daya gareshi difenda mai wayo cikin minti biyu ya gama karance shi ya toshe wannan gefen.

Sai jifa. Kwandon nan tsawonshi daga kasa mita 3.5 ne, ya fi na kwallon kwando tsawo, kuma babu allo a bayanshi da zaka doka ta dawo ciki, ko ta shiga ko ta wuce, shikenan. Shi yasa jifar kofbol da hannu biyu ake yinta daga kirji, manyan yatsu a bayan kwallo, gwiwar hannu kada ta bude kamar fiffiken kaza, karfin kuma daga gwiwar kafa yake tasowa ba daga kafada ba, kwallon ta tashi sama sosai ta fado cikin kwando daga bisa. Yara suna son su tsaya can nesa suyi ta cilli don a gansu, hana su. Mutum biyu biyu, daya na jifa daya na karkashin sanda yana cafewa yana maido mashi, su fara daga mita biyu, sai ka ci ukku kafin ka ja baya taku daya, in ka barar sau biyar a jere ka dawo gaba taku daya. Kuma bayan kowace jifa ya canja wuri ya zagaya sandar, domin a kofbol sandar ba bakin layi take ba, cikin fili take, akwai fiye da mita shidda a bayanta, ana cin kwallo ta baya kamar yadda ake ci ta gaba. Yaron da ya saba da gefe daya ranar wasa zaka ga ya rude da an tura shi baya. Ka sa su rika kirgawa da karfi, ka rubuta a littafi wane ya ci nawa cikin ashirin, yara na son ganin lambarsu na hawa fiye da duk wani wa'azin da zaka yi masu.

Wani abu da babu shi a littafin Turawa, iskar hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu in tana kadawa daga gabas a fili irin namu da babu katanga, doguwar jifa sai ta Allah, zaka ga kwallo ta karkace kamar an ja ta da zare. Kada kace yau ba tirenin, ranar nan ce ta koyon jifar kusa da ta shiga da gudu, wadda dama ita ce zuciyar wasan.

Ga yadda take. Mutum daya ya tsaya kusa da sanda da kwallo a hannu bayanshi na kallon kwando, shine mai ciyarwa. Dayan ya taso da gudu daga kamar mita bakwai ya nufo sanda, mai ciyarwa ya dan lallaba mashi kwallon daidai cikinshi, ba jifa ba, mikawa a hankali, shi kuma ya karba da hannu biyu ta kasa, ya tashi bisa kafa daya, daya gwiwar ta daga sama, ya dago kwallon daga kasa ya sake ta kusa da bakin kwando kamar mai mika ma na kan rumbu dami. Na ukku na bayan sanda yana cafe wadda ta fado. Mai gudu ya koma mai cafewa, mai cafewa ya koma mai ciyarwa, mai ciyarwa ya fita ya zama mai gudu, haka za suyi ta juyawa babu mai tsayawa. Kuskuren da zaka fi gani guda biyu ne, karin taku bayan an karbi kwallo, da kuma sakin kwallo da wuri tun hannu bai mike ba. Na farkon maganinshi su fara da tafiya kafin gudu, sannu bata hana zuwa. Na biyun kuwa ni abin da nake ce masu, ku raka ta da hannu har sai kun ji kamar zaku taba kwandon. Fenariti ma da irin wannan hannun ake jefa shi daga mita 2.5 gaban sanda, to ka sa alama a kasa, karshen kowane tirenin lokacin da suka gaji likis kowa ya jefa biyar, don fenariti a wasa baya zuwa sanda numfashinka ke daidai.

Yanzu ga inda nake son ka dade, don nan ne kofbol ya bambanta da duk wasan da yaranka suka sani. Akwai doka cewa ba'a jifa in an tsare ka. Tsarewa kuma ba wai mutum na kusa da kai kawai ba, sai abu hudu sun hadu, yana kusa da kai iya tsawon hannu, fuskarshi na kallonka, ya fi ka kusa da sanda, sannan da gaske yana kokarin tare kwallon da hannu. In hudun nan sun cika ka jefa, ko ta shiga ba'a kirga ba, kwallo ta koma hannunsu. Ka ga ke nan tsawo baya ceton kowa, dogo ba zai tsaya ya jefa ta saman kan gajere ba, dole sai ya kubce mashi tukuna ko da na kiftawar ido ne. To dan gaba makamai ukku gareshi. In difenda ya ja baya ya bashi fili, ya jefa daga nesa. In ya matso ya manne mashi, ya wuce shi da gudu ya shiga ciki. In kuma ya juya ya bi shi da gudu, sai ya taka birki ya kauce gefe kamar bakin almakashi, ya karbi kwallo da hannun waje, ya ja baya bisa kafa daya ya jefa kafin wancan ya dawo. Wannan ta ukkun ita ce mai wuya, kuma ita ke raba dan wasa da dan kallo.

Yadda nake koyar da ita, mutum ukku, mai ciyarwa a gindin sanda, dan gaba daya, difenda daya. Zagayen farko difenda ya goya hannuwanshi a baya, kafa kadai zai yi aiki da ita, kuma ni ke fada mashi a kunne abin da zai yi, ja baya ko manne, dan gaban bai sani ba sai ya karanta da idonshi ya zabi makamin da ya dace. In ya zabi daidai ina bashi maki ko bai ci ba, in ya zabi ba daidai ba ko ya ci babu maki, yara na jin haushin wannan amma shi ke sa su tunani. Zagaye na biyu a saki hannun difenda. Na ukku a basu sakan goma sha biyar kacal, in dan gaba bai samu jifa ba difenda ya ci. Kada ka wuce haka, wannan atisayen na cin numfashi kwarai, kowa ya ci zomo ya ci gudu, a rika canji da sauri.

Tsayuwa bisa kafa daya kuwa kada ka wahal da kanka neman wani salo daga intanet, yaranmu sun gaji abinsu. Ka sa mazan suyi langa minti biyar wajen dumama jiki, matan kuma 'yar gala-gala, sai dai ka tabbata sun canja kafa don kowa da kafar da ya fi so. Na gwada wannan da yaran unguwarmu wajen Kofar Marusa, wadanda suka fi iya langa su suka fara kama jifar kaucewa, ba wani sihiri bane, idon sawu ne da kugu suka saba rike jiki.

Tsaro shima sai an koye shi, ba wai wanda bai iya jifa ba a tura shi baya yadda ake ma mai kiba a kwallon kafa ace je ka tsare gida. Anan babu gola, kuma duk sanda aka ci kwallo biyu ana musanya, 'yan gaba su koma baya 'yan baya su dawo gaba, ke nan kowa dole ya iya duka biyun. Wasan inuwa nake basu, biyu biyu babu kwallo, daya na yawo gaba baya gefe, dayan na binshi fuska da fuska, gwiwa a dan lankwashe, hannu daya sama, kuma kada ya harde kafafu, ja zai rika yi. Ka ce masu su kalli cibiyar abokin karawa, ba idonshi ba ba kafadarshi ba, ido da kafada suna karya, ciki baya karya, inda ya nufa can mutum zai tafi. Sakan ashirin a canja. Sannan ka hana fizgar kwallo daga hannun mutum da rungume shi da bangaza, duk laifi ne, 'yan kwallon hannu na da suka dawo kofbol wannan ne ya fi basu wuya, hannunsu ya saba da riko.

Abin da masu koyarwa da yawa ke mantawa da shi shine cafe kwallon da ta baro kwando. Har manyan 'yan wasan duniya wadda suke bararwa ta fi wadda suke ci yawa, ballantana yaran da suka fara jiya, to duk tim din da ke da mai kama gindin sanda ita ke samun jifa ta biyu da ta ukku. Ka sa biyu a karkashin sanda, biyu na jifa daga waje, maki na wanda ya cafe ne kawai ba na mai jifa ba. Su koyi shiga gaban mutum su bashi baya ba tare da tura shi ba, su kuma koyi kallon kwallo tun tana sama su gane gajeruwa ce ko mai wucewa. Akwai wata yarinya da na taba koyarwa, 'yar firit da ita, bata taba zama gwanar jifa ba, amma ta san inda kwallo zata fado kamar ita ta aike ta, kuma duk bangaren da aka sa ta su ke cin wasa, sauran sun dade basu gane dalili ba.

Sandarka guda daya ta isa, kada ka damu. Hudu da hudu a zagaye da sanda daya shine ainihin rabin wasan. Su fara dukkansu hudu a waje sun kewaye sanda, suna mikawa suna motsi, sai wanda ya ga dama ya fada ciki ya kama wurin cafewa, ukku su rage waje, daga nan wani ya shigo ya zama mai ciyarwa, biyu su rage suna neman kubcewa. In masu tsaro sun kwace sai su fitar da kwallo bayan wani layi da ka shata su dawo a matsayin 'yan gaba. A manyan gasa akwai agogon sakan 25, in baku jefa kwallo ta taba kwando ba a ciki an karbe, kai ma ka rika kirga masu da baki, goman karshe da karfi, zaka ga yadda masu son rike kwallo ke shiryuwa. Sauran yaran da ke jira kada su zauna, ga fasin goma can gefe, ga wasan inuwa.

Amma dan Allah duba gindin sandar nan da kyau. Ni ta taba fado mani a wata makaranta, an dasa ta cikin taya da simintin da bai kai ya kawo ba, iska ta taso, Allah ya kiyaye babu yaro a wurin, tun ranar nake sa a cika tayar babbar mota dam ko a haka rami a binne. Bakin kwandon kamar santimita 40 ne kuma babu gindi, asalinshi ma saka shi ake da wani irin icce mai lankwasuwa kafin a koma na roba ruwan dorawa, kalmar korf din kanta kwando take nufi da yarensu, don haka in mai walda yayi maka zobe ka daura tsohon kwando ka yanke gindin baka yi laifi ba. In akwai 'yan aji daya kanana ka sauke masu shi zuwa mita ukku, in ba haka ba za su lalata hannunsu wajen cillin karfi.

Maganar da ka rada mani. Gaskiya ne a dokar duniya mata hudu maza hudu ne a kowace tim, namiji na tsare namiji mace na tsare mace, namiji ya tare mace laifi ne. Amma ni da kai mun san garinmu, babu uban da zai ji an ce 'yarshi budurwa na guje-guje da samari a fili ya kyale ka, kuma ban ga dalilin da zaka ja ma kanka da wasan bakin jini ba. Raba su, mata ranarsu maza ranarsu, in da hali malama mace ta tsaya ma 'yan matan, da hijabinsu mai dan gajarta da dogon wando babu abin da zai hana su. Duk atisayen da na lissafa maka babu wanda ke bukatar a cakuda. Kuma kada wani ya ce maka ai wannan ba kofbol bane, a can Holan din ma, kasar da ta dauki kofin duniya duk sanda aka buga tun 1978 in banda 1991 da Beljiyam ta kwace, a kudancinsu wajen 'yan Katolika akwai kofbol na mata zalla da gasarsu, saboda malaman addininsu a da basu yarda da cakuduwar ba, kuma har yau ana bugawa. Ranar da Allah ya kai wani yaronka matakin gasar kasashe, irin wadda akayi a Durban ta Afirka ta Kudu a 2019, sai shi da iyayenshi su yanke shawara, wannan ba matsalarka ta bana bace.

Lokaci kuwa bayan la'asar zuwa kafin magariba ya ishe ka, awa daya da kwata, sau ukku a sati. Minti goma dumama jiki da langa, sha biyar fasin goma, ashirin jifa, ashirin daya da daya, sauran a buga hudu da hudu a rufe da fenariti, amma ba aya bace, ranar da ka ga sun kama wani abu da dadi bar su a kanshi. Watan Maris da Afrilu ka san zafin Daura ba sai na fada maka ba, jarkar ruwa a gindin bishiya dole, a sha duk bayan kwata. Da azumi jifa kadai a tsaye da fenariti, babu gudu.

Ka gwada fasin goma da jifar shiga da gudu sati biyu tukuna kafin ka taba sauran, sai ka dawo ka fada mani sau nawa suke iya mikawa a jere kafin ta fadi, da kuma mutum nawa ne har yanzu ke kara taku, daga nan zan san abin da zan kara maka. In hanya ta kawo ka Katsina ka taho da awon bakin kwandon naku in gani, ina zargin mai waldan ya matse shi. A gaida yaran.